Sabo Ibadan: Yadda Magabatanmu Suka Riƙe Unguwa Da Kasuwa Tun 1916



Idan aka tambayi matashin da ya tashi a Sabo wane ne ke riƙe da unguwar nan, amsar da zai bayar ita ce Sarki. Bai yi ƙarya ba, amma amsar ba ta cika ba. Sabo ta haura shekara 100 a tsakiyar garin Yarbawa. Ta ga mulkin Turawa, ta ga siyasar jamhuriya ta ɗaya, ta ga yaƙin basasa da mulkin soja, kuma har yau tana nan inda aka kafa ta kusa da Mokola. Mutum ɗaya, komai ƙarfinsa, ba zai iya wannan riƙon ba. Akwai wani tsari da magabatanmu suka gina, wanda ya ɗaure sarauta da kasuwa da masallaci da gidajen baƙi wuri guda, har ya ɗaure mu da masu masaukinmu. Yawancinmu mun gaji sunan tsarin, ba mu san yadda yake aiki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Hausawa sun riga Sabo zuwa Ibadan da shekaru masu yawa. Shi kansa garin, a siffarsa ta yanzu, an kafa shi ne wajen 1829 a matsayin sansanin mayaƙa, bayan daular Oyo ta fara rugujewa. Riwayar da aka fi sani tana danganta zaman Hausawa na farko da zamanin Basorun Oluyole, kuma daga baya suka taru a kewayen kasuwar Oja'ba da ke tsakiyar gari. Ba dukansu ne suka zo da ƙafarsu ba. Akwai waɗanda bauta ta kawo, suna kiwo da wanzanci da tufkar igiya a gidajen manyan mayaƙa. Akwai kuma fatake da malamai da suka zo don kansu. Wannan cuɗanya ta bar alama har a bakin masu gari: shugaban zuri'a a Ibadan sunansa Mogaji, akwai kuma sarautar Seriki, kuma duk mai jin Hausa ya san inda kalmomin nan biyu suka fito.

Yana da kyau mu lura da irin garin da kakanninmu suka sauka. Ibadan ba ta da gidan sarauta guda da ake gado daga uba zuwa ɗa. Layi biyu ne, na Otun da na Balogun, mutum yana hawa mataki bayan mataki daga Mogaji har ya kai ƙoli, kuma layukan biyu suna karɓa-karɓa. Mai mulkin garin ma Baale ake kiransa, sai a 1936 aka koma kiransa Olubadan. Ke nan tun asali masu masaukinmu mutane ne da suka saba da mulkin majalisa da jiran layi. Wanda ya zo yin hulɗa da su da tunanin cewa idan ya shawo kan mutum ɗaya ya gama, zai sha mamaki.

Abin da ya sauya komai shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Legas ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Kafin nan goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja ake ɗauko shi, ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna shafe watanni a hanya da jakuna. A farkon ƙarni na 20 sai manoman ƙasar Yarbawa, a wajajen Agege da Otta da Shagamu, suka rungumi noman irin goron da Bahaushe ke so. Ga goro a kusa, ga jirgi da zai kai shi Kano cikin kwanaki. Ta ɗaya ɓangaren kuma garuruwan kurmi suna ƙara cika, kuɗin koko yana shiga hannun mutane, buƙatar nama tana hauhawa. Sai Hausawa suka yi ta kwararowa Ibadan.

Taron jama'a ba ya rasa ɓata-gari. Sarakunan Ibadan suka fara kuka cewa sata da fashin gidaje sun yawaita, kuma baƙin da ba a san masaukinsu ba ake zargi. Manyan 'yan kasuwar Hausawa da suka daɗe a gari su ma abin ya dame su, domin laifin mutum ɗaya a kan kowa yake faɗawa. Buƙatar ɓangarori uku ta haɗu a nan: Turawa suna son a san inda kowane baƙo yake don haraji da tsaro, sarakunan gari suna son wanda za su riƙe idan an yi ɓarna, dattawanmu kuma suna son wurin da za su iya tantance nasu. A 1916 aka yanka fili a bayan gari na wancan lokacin, aka ce Hausawa su koma can. Kusan lokaci guda aka yi irin wannan a Kano, inda aka keɓe Sabon Gari ga mutanen kudu. Sarkin Hausawa ya zama mai amsa wa hukumar gari: shi ke tara haraji, shi ke sasanta rigima, kuma yana da ikon kai ƙarar duk wanda ya gagara a kore shi daga gari. Sarautar ta daɗe a gidan Zungeru, kamar yadda kowa ya sani.

Mafi yawan abin da aka rubuta game da yadda unguwar ke tafiya a wancan zamani ya fito ne daga wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna yana bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Har yau ana karanta littafin a jami'o'in Ingila da Amurka, alhali da wuya ka samu wanda ya taɓa ganin bangonsa a cikin unguwar da aka rubuta shi a kanta. A ƙidayar da ya yi, mutanen Sabo sun ɗan haura 4,000. Wannan 'yar jama'a ita ce ke riƙe da cinikin shanu da na goro na babban gari kamar Ibadan. Yadda suka yi hakan shi ne abin dubawa.

Mu ɗauki shanu. Saniyar arewa ba ta daɗewa a kurmi, saboda ƙudan tsando da cutar sammore. Falken da ya koro garke a ƙasa daga arewa, ko ya loda a jirgi, yana isowa Ibadan agogo ya fara ƙirga masa: kowace rana dabbobin ramewa suke, kuɗinsu yana raguwa. Ba zai iya komawa da su ba, ba zai iya jira ba. Masu saye kuma mahautan Yarbawa ne, waɗanda yawancinsu ba su da kuɗin biyan sa a hannu. Sai sun yanka, sun sayar, sannan su biya, bayan makonni. Shi falke bai san su ba, ba ya jin Yarbanci, bai san wanda ke cika alkawari da wanda ke da taurin bashi ba. Babu banki a tsakani, babu takardar yarjejeniya, kotu kuma ba ta da amfani ga wanda gidansa ke nisan ɗaruruwan mil. Duk da haka, a lissafin Cohen, kusan shanu 75,000 ake sayarwa a karar Ibadan a shekara, kuma bashin da ke yawo a kasuwar a kowane lokaci ya kai kimanin fam 100,000. Kuɗi ne mai yawan gaske a wancan zamani, kuma a kan baki kawai yake tafiya.

Wanda ya sa hakan ta yiwu shi ne mai gida, wato fatoma. Falke yana sauka a gidansa, a ba shi ɗaki, a ba shi abinci daga cikin gida, a ajiye masa kuɗinsa. Mai gida yana da dillalai da yara da malamin lissafi. Yaransa ke tsaron shanun, dillalinsa ke shiga tsakani a yi ciniki. Babban aikin dillali shi ne sani: ya san mahaucin nan nawa ake bin sa a wasu gidajen, ya san jiya cinikinsa ya yi kyau ko ya kwanta, ya san ko ya yi biki ya kashe kuɗi. Da wannan sanin ake yanke shawarar a ba shi sa ɗaya ko biyu ko a hana shi. In an sayar, mai gida ne ya tsaya lamuni. Idan mahauci ya gaza, mai gida zai biya falke daga aljihunsa, don in ya bari baƙonsa ya koma arewa da asara, labari zai riga shi isa, baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Jarinsa na gaskiya sunansa ne.

To me ke hana mahauci cinye bashi ya koma wani gidan? A nan ne haɗin kan masu gida ya shigo. Gasa suke yi da juna a kan baƙi, wani lokaci har da gaba, amma a kan maganar bashi bakinsu ɗaya. Wanda ya ƙi biyan gida ɗaya, sauran gidajen za su rufe masa ƙofa har sai ya sauke nauyin da ke kansa, kuma tunda duk shanun da ke shiga gari ta hannunsu suke bi, ba shi da wata hanya. Labari kuwa ba ya kwana, saboda masu gidan nan da dillalansu unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, a wajen suna da ɗaurin aure da jana'iza kullum suna tare. Su ma mahautan suna da ƙungiyarsu da shugabanninsu, kuma ba sa son ɗaya daga cikinsu ya ɓata musu suna har a tsuke wa kowa bashi. Sai ya zama kowane ɓangare yana tsare nasa. Shi ma mai gida ba ya tsira daga wannan ido: in ya ci amanar baƙo, za a kai shi gaban Sarki da sauran masu gida, domin ɓarnarsa kasuwar kowa take taɓawa.

Goro ma haka yake, sai dai shi kuɗin ne ke tahowa daga arewa, kayan su tafi can. Wanda ya san goro ya san ba ya son wasa. Sai an tsince, an jera shi a huhu da ganyen fita, ana buɗewa ana dubawa kada sankara ta shiga ta cinye jari. Attajiri yana Kano ko Sakkwato ya aiko da kuɗi, mai gida a Sabo ya tura yaransa ƙauyuka su sayo daga hannun manoma da matan Yarbawa masu sarin goro, a ɗaure a kai tasha. Dole kuma a riƙa samun labarin farashi daga can, don kwana biyu na iya mayar da riba asara. 'Yan kasuwar Yarbawa sun sha yunƙurin kutsawa cikin wannan ciniki su kai goro arewa da kansu, abin da ke kayar da su shi ne rashin irin wannan sarƙar amana daga gona har kasuwar Kano.

Masu gidan da ke riƙe da wannan harka ba su wuce 30 ba a lokacin binciken Cohen, kuma yawancin gidajen unguwar a hannunsu suke. Gidan mai gida kuwa ya wuce wurin kasuwanci. Yaron da ya zo daga arewa da 'yar jakarsa a nan yake samun makwanci, ya fara da aike da dako, in an ga hankalinsa a sa shi dillanci, in ya isa aure mai gida ya yi masa, sau da yawa da yarinyar da aka riƙa a gidan. Matan kulle su ke dafa abincin baƙi, suna kuma sana'arsu daga cikin ɗaki, yara na kai talla, ana zuba adashi. Wannan dukiyar ta mata ba a cika lissafa ta ba idan ana ba da tarihin Sabo, alhali ba don tukunyarsu ba da babu mai gidan da zai iya sauke baƙo goma a dare ɗaya. Hatta mabarata suna da tsarinsu, da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne yana kula da masaukin mutanensa da rabon abin da aka samu.

Kada mu ɗauka zamanin nan aljanna ne. Tsarin da ya kare amana shi ne kuma ya toshe ƙofa. Yaron gida na iya tsufa yana yaron gida, don in ya ɓata da mai gidansa ya rasa aiki da ɗaki a rana ɗaya. Masu gida sun yi ta rigima a kan sarauta, ana kai ƙara gaban Olubadan da Di'o. Mahautan Yarbawa kuma suna da nasu kukan, cewa an mamaye kasuwa an hana su saye kai tsaye. Sarki da kansa ɗaya ne daga cikin manyan masu gida, don haka mai ƙara a kan harkar kasuwa wani lokaci yakan tarar alƙalin nasa abokin gasarsa ne. Abin da za a yaba shi ne babu wanda ya isa ya yi gaban kansa: Sarki na buƙatar masu gida, masu gida na buƙatar dillalai da malamai, dukansu kuma na buƙatar mahauci ya dawo gobe.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne a farkon shekarun 1950. Turawa sun fara shirin tafiya, mulkin En'e da ya tsaya wa Sarkin Hausawa yana ja da baya, zaɓaɓɓun kansiloli suna karɓar ragamar gari. Jam'iyyar AG ta Obafemi Awolowo, wadda aka kafa a 1951, ta kama gwamnatin Jihar Yamma, a cikin garin Ibadan kuma NCNC ce ke da ƙarfi a ƙarƙashin Adegoke Adelabu, har rasuwarsa a hatsarin mota a 1958. Daga arewa ga NPC ga NEPU, kowacce tana da masu ƙaunarta a Sabo. 'Yan siyasar kishin ƙasa suna kallon unguwannin ƙabila a matsayin ragowar mulkin mallaka. Sarki ya rasa ikon tilasta wa Bahaushe zama a Sabo, ya rasa ikon sa a kori wanda ya gagara. In kowa zai iya zama inda ya ga dama ya yi ciniki da wanda ya ga dama, to wa zai tsare bashin nan na fam 100,000?

A daidai wannan lokaci ne ɗariƙar Tijjaniyya ta game unguwar. Faila ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta riga ta kafu a Kano tun bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga can kuma ta bi hanyar fatake ta gangaro kudu. Cikin 1951 da 1952 mafi yawan mazan Sabo suka karɓi ɗariƙa. Kowane mutum ya samu muƙaddamin da ya ba shi wuridi, kowace yamma ana haɗuwa wazifa a masallatan unguwa, ran Juma'a a yi zikiri tare. A 1952 kuma jama'ar Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da Juma'arsu a cikin unguwa. Musulmin Yarbawa ba su ji daɗin wannan ba, sun ɗauke shi raba kan al'umma, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kai.

Cohen ya fassara wannan da cewa jama'a sun rasa sandar hukuma sai suka maye gurbinta da igiyar addini, don su kare kasuwarsu. Mu da muka san mutanen, ko muka san 'ya'yansu, ba za mu yarda cewa lissafin shanu da goro ne ya kai dattawan nan zawiya ba. Neman Allah ne ya kai su. Amma abin da ya gani da idonsa gaskiya ne: mutanen da ke zama sahu ɗaya kowace yamma ba sa iya ɓoye wa juna hali, kuma wanda ba ya tsoron ɗan doka yana jin nauyin malaminsa. Jagoranci ya rarrabu zuwa hannun malamai da muƙaddamai da limamai, waɗanda ba gwamnati ta naɗa su ba, don haka ba ta iya tuɓe su. Mai gida yana neman shawarar malami kafin ya yanke babbar magana, malami yana faɗa wa Sarki abin da talaka ba zai iya faɗa ba. Da haka Sabo ta ratsa rikicin siyasar Jihar Yamma na 1962 zuwa 1966 ba ta watse ba. Farashin da aka biya shi ne nisan da ya ƙaru tsakaninmu da Musulmin gari, waɗanda a da ake haɗa kafaɗa da su duk mako. Wannan giɓin bai gama cikewa ba har yau.

Daga shekarun 1970 zuwa sama abubuwa suka sake. Tirela ta karɓe aikin jirgi da na masu koro shanu a ƙasa, tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu. Gari ya faɗaɗa, kasuwanni suka bar tsakiya: aka buɗe kasuwar Bodija a 1987, Shasha ta zama matattarar kayan gwari, kara ta koma Akinyele. Banki ya zo, daga baya waya ta zo, yau falke yana Maigatari ko Illela zai yi ciniki da mai saye a Ibadan ya ga kuɗinsa a waya kafin mota ta tashi. Sabo kanta ta koma unguwar 'yan canji da masu tsire da teloli da masu ɗinkin hula da babbar riga. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai aikin da mai gida ke yi na sanin kowane baƙo, da tsaya masa, da amsa laifinsa, ba wanda ya gaje shi. Matashi yana sauka daga bayan tirela a Ojoo da tsakar dare, gobe ya ɗauki baro ko ya hau babur, babu dattijon da ya san sunansa. Sarautu kuma sun ƙaru, kowace kasuwa da nata sarki da nata shugaban ƙungiya, kuma ba kullum suke jin maganar juna ba.

Mun ga sakamakon. A 1999 an yi rikici a kasuwar Bodija, a shekarar kuma aka yi na Shagamu wanda ramuwarsa ta faɗa kan Yarbawan Kano da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Na kusa shi ne na Shasha a watan Fabrairun 2021. Mafarinsa saɓani ne a kan tumatir da ya zube a ƙofar wani shago, tsakanin ɗan dako da mai shagon. Wani mai gyaran takalma ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu. Kafin a ankara an rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, an ƙone shaguna da gidaje, ɗaruruwan mutanenmu sun fake a gidan Sarkin Shasha, wasu suka hau mota suka tafi arewa ba su dawo ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnoni huɗu na arewa, na Kebbi da Kano da Zamfara da Neja, suka zo Ibadan. Ruwa ba ya tsami banza: tun kafin ranar akwai jayayya a kan shugabancin kasuwar wadda aka bari tana ruruwa. Rigimar ƙofar shago irin wannan, a tsohon tsari, mai gidan yaron da shugaban 'yan kasuwar ɗaya ɓangaren ne za su kashe ta kafin la'asar, domin sun san juna kuma akwai bashi a tsakaninsu.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna yadda igiyar take a ɗaure. A ƙarshen watan nan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta dakatar da kai kaya kudu. Cikin kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a Ibadan da Legas. Amma a Kano da sauran wuraren noman rani kwandunan tumatir suka yi ta ruɓewa, manomi yana sayarwa a wulaƙance ko ya zubar. A farkon Maris aka janye. Wanda ya shuka a Kadawa da wadda ke miya a Beere ba su taɓa ganin juna ba, amma mako guda ya isa kowannensu ya ji a jikinsa. Dillalin karar Ibadan na 1963 ya san wannan ba tare da an koya masa a aji ba, shi ya sa ba ya matsa wa mahauci har ya karye.

Akwai kuma abin da ya shafi unguwar kanta, wanda ba ma son magana a kai. Sabo ta cushe, gidaje da yawa sun tsufa, magudanan ruwa sun cika da leda, kuma kowa yana jiran ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa ta zo ta kwashe. Garin nan ya san abin da ruwa ke yi: ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 da ta watan Agustan 2011 sun ci rayuka masu yawa, kuma toshewar hanyoyin ruwa da shara na cikin dalilan da aka bayar. Ledar da aka jefa a kwata a Sabo ba a Sabo take tsayawa ba, gidan wani take zuwa ta toshe a gangare. Haka maganar mabaratan da ke bakin titi, wadda gwamnatin jiha ta sha yunƙurin kwashe su zuwa Akinyele suna dawowa. Muddin ba a zauna da shugabanninsu da masu ba su sadaka da masu kawo su ba, mota za ta kai su da safe, wata ta dawo da su da yamma.

Ba muna kiran a dawo da zamanin masu gida 30 ba ne, wannan ya wuce, sarki goma zamani goma. Abin da ake iya ɗauka daga gare su ayyuka ne guda-guda. Kowace tasha da kasuwa ta samu wanda ke rubuta sabon zuwa da sunan wanda ya tsaya masa. Sarakunanmu na Sabo da Shasha da sauran wurare su samu zama na ƙa'ida da limamai da shugabannin 'yan canji da na 'yan gwari da na kara da na masu babur, a sa mata da matasa a ciki, tunda yanzu akwai 'ya'yanmu da suka yi jami'ar Ibadan, suna jin Yarbanci kamar Hausa, kuma ba a cika tambayarsu komai ba. Sannan a samu zama da Baale da Mogaji da iyayen kasuwa na Yarbawa a lokacin da ake lafiya, domin a Shasha sai da aka ga hayaƙi sannan aka fara neman lambar wayar juna.

Tun watan Yunin 2021 sabon jirgin ƙasa yana tashi daga Legas ya tsaya a Moniya, nan kusa da kara, kuma shirin shi ne layin ya wuce har Kano. Ranar da ya kai, hanyar da shanu da tumatir da albasa ke bi za ta sake sauyawa kamar yadda ta sauya a 1911, kuma za a sake rabon wuraren sauke kaya da na ajiya. Dattawan da suka yi dillanci a tsohuwar kara, suka san yadda aka yi ƙaura zuwa Bodija da Akinyele da abin da aka samu da abin da aka rasa a kowace ƙaura, 'yan kaɗan ne suka rage a cikinmu. Duk wanda ke da irinsu a gida, muna roƙo ya zauna da su ya ɗauki maganarsu a waya, ya kawo wa ƙungiya a rubuta.